Tatsuniyar da Dada Ba Ta Kwance Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi ne Mai tsare abin da bayinSa suka manta.

Na shafe mafi yawan rayuwata a zaune gaban malamai, daga baya kuma ɗalibai suka zauna gabana. A duk tsawon wannan zama, ban ɗauki darasin da ya fi mini nauyi a zuciya ba kamar ladabin riwaya: mutum ya san daga bakin wa ya ji magana, ya san inda maganar ta tsaya, kada ya ƙara wa mai ita ko harafi guda. Amma idan zan yi wa kaina adalci, ba a zauren karatu na fara sanin wannan ba. A gindin murhun kakata na fara saninsa, a gidanmu na Hammadu Kafi, tun unguwar tana kewaye da gonakin auduga, tun mutum yana iya tsayawa a ƙofar gida ya jiwo kukan jirgin ƙasa yana shigowa Gombe.

Dada muke ce mata. Ita ta haifi mahaifina. Ƙaramar mace ce, siririya, mai yatsu fari fat da alli saboda kaɗi. Tun da aka kawo ta gidan aure ƙafarta ba ta taɓa taka kasuwa ba. Zaren da take kaɗawa wata dillaliya mai suna Iya Mairo ke zuwa ta karɓa ta kai Kasuwar Gombe. Idan sanyi ya sauka bayan an cire auduga, akan tara busassun karan a bayan ɗakinta. Da an idar da sallar lisha an ci tuwo, sai ta hura wuta a tsakar ɗaki, mu yaran gidan mu zagaye ta, har da na maƙwabta. Hayaƙin karan auduga yana da wani ɗaci da ke kama maƙogwaro. Har yau idan na ji irinsa a wani wuri, sai in ga kamar zan waiwaya in gan ta.

Ni take kira maigida, bisa wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Maigida, matso da ƙafarka daga wuta. Idan ka ƙone wa zai yi mini cefane?"

"Ai na sake ki tun jiya, Dada."

"Da wane baki? Wanda har yanzu miyar kuka ke gefensa?"

Tana da nata lafazin buɗewa wanda ban taɓa jin sa a bakin wata tsohuwa ba. Takan murza mazari a cinya, ta sake shi yana juyi, sannan ta ce, "Na ƙullo muku wata daga nesa." Mu kuma mu amsa, "A sauke ta mu gani." Idan ta kai ƙarshe kuwa, sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Ni na ƙulla, ni na kwance, kada wanda ya rantse da ita." Ba ta taɓa barinmu mu tashi ba sai ta faɗi wannan. Ko barci ya kwashe rabinmu, sai ta faɗa a kan masu barcin.

Mahaifina malami ne mai tsanani a kan harshe, ba ya son zancen da ba shi da asali. Wani almajirinsa babba ya taɓa tambayarsa yadda yake barin ana ba 'ya'yansa labaran da ba su faru ba. Ina kusa, na ji amsar. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa yaudarar kowa ba, domin kowane dare da bakinta take shaida cewa ita ta ƙulla abin, kuma tana kwance shi kafin a kwanta. Ya ce da masu ɗauko magana a gari za su riƙa yin haka, da an huta.

Wani abu game da tatsuniyoyinta sai da na girma na gane shi. Ba ta taɓa maimaita guda ɗaya iri ɗaya ba. Tana magana tana duban fuskokinmu a hasken wuta. Idan ta lura ƙanwata Habi ta sha faɗa da rana, to a daren nan yarinyar da ke cikin labarin ce za ta yi nasara. Idan ta ji labarin na yi wa wani rowa, sai marowacin cikin tatsuniya ya fito da irin tafiyata da irin tarin da nake yi, kowa ya fashe da dariya, ni kaɗai ina sunkuye. Ƙarshen labari a wurinta ba abu ne da ta adana tun farko ba. Sai ta ga wanda ke zaune gabanta sannan take yanke shi.

A gidan akwai ƙanen mahaifina, Baffa Sale, autan Dada. Gyaran layukan tarho yake yi a gidan waya, kuma Allah ya jarabce shi da son duk wani abu mai waya a ciki. Ɗakinsa cike yake da matattun rediyo da yake tsintowa, da ƙullin wayoyi, da wani ƙarfen liƙi da yake gasawa a garwashi yana narka dalma da shi. Mutum ne mai taushin zuciya, ba ya faɗa, ba ya yawo. Abokinsa a wannan sha'awa shi ne Danladi, wani Kirista mutumin Billiri, wanda ya yi aikin oba-oba, wato rediyon sadarwa, a soja, da aka gama yaƙin basasa ya dawo ya buɗe rumfar gyaran rediyo a kasuwa. Duk Asabar suna tare, kawunansu a haɗe a kan wani buɗaɗɗen akwati, suna gardama kan wace waya ce ta tsinke.

Ina tuna ranar da Baffa ya haɗa rediyonsa na farko da hannunsa. Ya naɗe siririyar waya a jikin wani gwangwani, ya ja wata doguwa daga rufin ɗakinsa zuwa reshen tsamiyar da ke bayan gida, ya kawo wani ɗan abu da ake sawa a kunne. Ba batir, ba komai. Muka yi layi. Da ya zo kaina na ji wani mutum can nesa, kamar daga cikin rijiya, yana karanta labaran duniya. Baffa ya kai wa Dada cike da murna. Ta saurara na ɗan lokaci, ta cire, ta miƙa masa.

"Sale, shi wannan mai maganar, ya san ina jin sa?"

"A'a, Inna. Yana can Kaduna."

"To da wa yake?"

"Da kowa da kowa."

"Allah sarki," in ji ta. "Bawan Allah yana ta zuba shi kaɗai, ba wanda zai ce masa na'am."

Muka yi dariya, har da Baffa. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi.

Daga nan sai zamani ya juya. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai yawa a lokaci guda, kasuwa ta cika da kaya irin waɗanda da sai a hoto. Samari suka bar gonakin auduga suka nufi birane. Kowane saurayi ka gani da rediyo a kafaɗa. Atamfar kamfani ta yi araha, masaƙa suka fara naɗe kayan aikinsu, Iya Mairo ta fara dawo wa Dada da rabin zarenta ba a saya ba. A wannan shekarar ne Baffa ya shigo gida da rakoda, baƙa, mai maɓallai a jere kamar haƙora, da kaset guda ɗaya sabo a cikin ledarsa.

Ya durƙusa gaban Dada ya nemi izini. Ya ce so yake ya ɗauki muryarta ya adana, domin jikokin jikokinta su ji. Ta ce ita ba ta ga abin adanawa a muryar tsohuwa ba, amma idan abin zai faranta masa, ya ajiye akwatinsa can gefe kada ya tare wa yara wuta. Ba ta kafa masa wani sharaɗi ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Ba ta ce kada muryar ta fita gida ba, domin a duk saninta murya ba ta zuwa inda mai ita bai je ba. Yaya mutum zai yi sharaɗi a kan abin da bai taɓa shiga tunaninsa ba?

A daren nan ta ƙullo mana wata sabuwa, wadda ba mu taɓa ji ba. Ga ta a taƙaice.

A wani gari da ke bayan duwatsu, aka yi ruwa kwana da kwanaki har wutar kowane murhu ta mutu. Ƙyastu ya jiƙe, audugar kunna wuta ta jiƙe, mutane suka koma cin ɗanyen gari, jarirai suna kwana cikin sanyi. Sai aka ji labarin wata tsohuwa can ƙetaren kogi, bayan garuruwa masu yawa, wadda wutarta ba ta taɓa mutuwa ba. Aka tashi wasu 'yan'uwa biyu, Jatau ɗan maƙera da ƙanwarsa Kande, su je su ɗebo. Suka sha tafiya har suka isa. Tsohuwar ta ba kowannensu garwashi guda, ta ce musu duk garin da suka ratsa a hanyar komawa su hura wa mutanensa wuta, sannan su ɗebi sabon garwashi daga murhun da suka hura, su yi gaba.

Jatau ya ƙi. Ya ce idan aka yi haka, abin da zai isa gida ba wutar tsohuwa ba ce, wutar baƙi ce da ta bi hannu da yawa. Shi ainihin wadda aka ba shi yake so ya kai. Ya sa garwashinsa a tukunyar ƙarfe, ya rufe, ya shafe bakin da yumɓu, ya ɗora a ka ya miƙe hanya. Kande kuwa ta ɗauki nata a kasko, a buɗe, tana tare iska da tafin hannu. Kowane gari sai ta tsaya. A wani gari aka gode mata, a wani aka yi mata dariya, a wani kuma da wutarsu ta kama sai suka yi mata rowa, suka ba ta ɗan garwashin da bai fi ƙwayar wake ba. Yatsunta duk suka ƙone. Da ta iso bakin kogi ta tarar da yayanta zaune yana jiran jirgi, hadari kuma ya haɗu baƙi ƙirin a gabas. Mai jirgi ya zo ya dube su, ya ce shi ba ya ɗaukar wuta biyu a jirginsa, su zaɓi guda, ɗayar a zuba ta a ruwa. Jatau ba ya iya buɗe tukunyarsa ya ga abin da ke ciki, domin iska ta taso. Garwashin Kande kuma ga shi nan kowa na gani, yana lumshewa kamar idon mai jin barci. Sai ɗigon ruwa na farko ya faɗo a gefen kaskon.

Daidai nan rakodar ta yi ƙas, kaset ya kai ƙarshe.

Dada ta firgita, mazarin ya faɗi. Baffa ya mayar da zaren kaset ɗin baya ya kunna. Muka ji muryarta ta fito daga akwatin, ga amsawarmu, ga ƙarar karan auduga a wuta. Ta rufe baki da gefen zane tana dariya har da hawaye.

"Wace tsohuwa ce wannan mai muryar agwagwa?"

"Ke ce, Dada."

"Ƙarya kuke yi. Maigida, ashe haka kake fama da ni ba ka taɓa faɗa ba?"

Muka roƙe ta ta ƙarasa. Ta ce dariya ta kore mata labarin, mu je mu kwanta, gobe idan Allah ya kai mu za ta tsallakar da su. A cikin hayaniyar ba ta tafa hannu ba, ba ta faɗi lafazinta na kwancewa ba. Ba wanda ya lura sai ni, ni ma sai da na kwanta.

Washegari Asabar ce. Baffa ya ga kamar rakodar tana jan murya, sai ya kai ta rumfar Danladi su duba. Suka buɗe, suka gyara abin da za su gyara. Da za su gwada, babu wani kaset a hannu sai wannan. Rumfar Danladi kuwa tana da lasifika babba da ke fuskantar hanya, wadda yake jawo masu saye da ita. Ya haɗa rakodar da ita don su ji sautin sosai. Ba da mugun nufi suka yi ba, na tabbata da wannan kamar yadda na tabbata da sunana. Mutane biyu ne da murnar aikinsu ta rufe musu ido.

Da la'asar Iya Mairo ta shigo gidanmu ko sallama ba ta gama ba.

"Dada, yau na ga abin mamaki. Ina cikin kasuwa da rana tsaka, sai na ji ki."

"Kin ji wa?"

"Ke. Kina ba 'yan dako tatsuniya. Sun ajiye kaya sun yi da'ira, mahauta sun bar nama, har wani mai gyaran keke yana kwaikwayon yadda kike cewa maigida. Na ce wannan ai muryar uwar Malam ce. Suka ce wane Malam? Na faɗa musu."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ga hannun Dada ya tsaya a kan mazari. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tambaya a hankali, "Da rana?" Iya Mairo ta ce da rana. Ta sake tambaya, "Maza?" Aka ce maza. Sai ta jawo mayafinta ta rufe kanta har goshi, a cikin ɗakinta, inda babu kowa sai mu.

Wanda bai san mutanen wancan zamani ba zai ga abin ƙarami ne. A wurinsu tatsuniya abar dare ce, ba a yin ta da rana, kuma abar cikin gida ce, tsakanin tsohuwa da jikokinta. Wasan da take yi da ni na miji da mata, a ɗaki ado ne, a kasuwa kuwa abin kunya ne. Matar da ta tsare ƙafarta daga kasuwa tun tana amarya, ga muryarta ta je can ba mayafi, tana wasa da dariya a gaban mazan da ba ta sani ba, an kuma ambaci sunan ɗanta.

Da magariba Baffa ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Danladi ma ya biyo shi, ya tsaya a soro riƙe da hularsa, ya aiko a ba ta haƙuri. Da ta ƙi magana, ya ɗaga murya kaɗan yadda za ta ji ta bayan katanga.

"Mama, a yafe mana. Allah ya sani ba raini ba ne. Ni na haɗa lasifikar, ba Sale ba. Kuma Mama, ba wanda ya yi miki dariyar wulaƙanci. Wani ɗan dako har hawaye ya yi, ya ce kakarsa ya tuna. Sun hana ni rufe rumfa, wai sai na faɗa musu wace wuta aka zuba a ruwa."

Sannan muka ji muryarta daga ciki, ba fushi a cikinta.

"Na yafe maka, ɗana. Ka gaida gida. Su kuma masu son ƙarshe, su tambayi akwatin."

A daren nan muka taru kamar kullum. Ta hura wuta, ta ɗauki mazari. Habi ta ce, "Dada, Kande fa?" Ta buɗe baki, sai na ga idonta ya tafi kusurwar da aka ajiye rakodar jiya. Babu komai a wurin, Baffa ya kulle ta a ɗakinsa. Ta daɗe tana duban wurin, sannan ta ce maƙogwaronta na ciwo. Washegari ma haka. Mahaifina da kansa, wanda ba ya son zancen da ba shi da asali, ya shiga ya roƙe ta ta ci gaba da yi wa yara tatsuniya. Ta ce masa, "Da ina magana da waɗanda nake gani. Yanzu idan na buɗe baki ban san wa ke ji ba."

Ba ta sake ba da tatsuniya ba. Muna zuwa mu zauna, ta tambaye mu karatu, ta gasa mana gyaɗa, wani lokaci ta tsokane ni, amma wasan ya zama gajere, kamar mai magana tana waiwaye. Sannu a hankali yaran maƙwabta suka daina zuwa. Wani gida a layinmu suka sayi talabijin, namu yaran ma suka koma can. Ni ne na fi daɗewa, ni ma daga baya aka tura ni karatu wani gari. Ina can aka aiko mini cewa ta rasu, cikin damina, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.

Baffa Sale bai sake kunna rakodar nan ba. Ya bar haɗa rediyo, wayar da ya ja zuwa tsamiya ta yi tsatsa har ta tsinke da kanta. Kaset ɗin kuwa ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a gwangwani. Da ajalinsa ya matso ya ba ni, ya ce shi bai iya saurara ba, bai kuma iya jefarwa ba.

Shekaru suka wuce, na tsufa. 'Yata ta fari sunan Dada aka sa mata, don haka Ummi muke kiranta. Ta yi karatun kwamfuta, aikinta rubuta manhaja, tana zaune da mijinta da 'ya'yanta a Tumfure. Ita ta ga gwangwanin a cikin kayana, ta roƙe ni ta kai a kwashe muryar kafin zaren ya ruɓe. Na yarda, da sharaɗin ba za ta fita daga zuriyarmu ba. Ni na san abin da zan yi sharaɗi a kansa, ko kuwa haka na zata.

Ranar da ta kira ni na hau keke na yi doguwar tafiyar nan zuwa gidanta. Ta zaunar da ni, ta kunna. Ta tace sautin, ta cire shuuu ɗin da ke cikinsa. Na ji Dada kamar tana bayan labule. Na ji kaina ina yaro ina cewa a sauke ta mu gani. Na ji Habi, wadda ita ma ta riga mu gidan gaskiya, tana tari. Ban san hawaye na zuba ba sai da ya jiƙa mini gemu. A wannan lokacin na yi wa Baffa addu'a da dukan zuciyata, domin ba don shi ba da ban sake jin wannan murya ba a duniya.

Aka zo bakin kogi. Ɗigon ruwa ya faɗo a gefen kasko. Na jira ƙas ɗin da na sani.

Bai zo ba. Muryar ta ci gaba. Dada ta ce Jatau ya buɗe tukunya ya tarar da toka, ya yi nadama, Kande ta tsallaka da garwashinta, gari ya yi murna, aka naɗa ta sarauniya.

"Tsayar," na ce. "Ummi, mene ne wannan?"

"Kyauta ce na yi maka, Baba. Akwai manhajar da ke koyon muryar mutum idan ta saurare shi. Na ba ta kaset ɗin, ta koyi muryar, ta kuma ƙarasa labarin yadda ya dace. Na ga abin yana damunka tun muna yara."

"A ina maganarta ta tsaya, a ina ta injin ta fara?"

"Ai ba a ganewa, Baba. Da gangan aka tsara ta haka, don kada a ji gaɓa."

Ta faɗi wannan da murnar mai gwaninta, kuma a fuskarta na ga fuskar Baffa ranar da ya kai wa Dada abin sawa a kunne. Ban yi mata faɗa ba. Na ce mata a ilimin da na gada, idan malami ya ɗauko maganar wani a littafinsa, da ya kai ƙarshenta sai ya rubuta kalma guda, intaha, wato ta ƙare, domin mai karatu ya san daga nan bakin wani ne. Mutanen da suka gina wannan ilimi sun yi tafiyar watanni don tabbatar da lafazi ɗaya. Yanzu kuma an ƙera abin da gwanintarsa ita ce shafe wannan alama. Na ce kakata ta ƙulla labarai da yawa da ba su faru ba, amma kullum da bakinta take cewa ita ta ƙulla. Wannan kuwa ya ƙulla, ya sa a bakin matacciya, bai kwance ba.

Ummi ta ce, "Ban yi tunanin haka ba, Baba. Zan goge." Ta goge a gabana, ta mayar da ƙas ɗin wurinsa.

Amma ba a goge abin da kunne ya riga ya ji. Wannan shi ne baƙin cikin da nake ɗauke da shi yanzu. Shekara da shekaru ina da Kande a tsaye a bakin kogi, ina juya ƙarshenta yadda na so. Wani lokaci in ce tukunyar Jatau toka ce. Wani lokaci in ce a'a, Dada ba ta bin hanyar da kowa ke zato, wataƙila garwashin Kande ne ruwa ya kashe, aka fasa tukunya aka sami ɗan ja a tsakiyar toka. Wataƙila ma a daren da za ta ƙarasa, da ta dubi Baffa ta ga yadda yake son akwatinsa, da ta tausaya wa Jatau. Yanzu duk lokacin da na tuna, sai in ji muryarta tana naɗa Kande sarauniya, kalmar da ba ta faɗa ba, kuma sai na yi da gaske nake raba ta da abin da ta faɗa. Ni da na zauna gabanta ke nan. Ina ga wanda zai zo bayana?

Kafin in bar Tumfure a ranar, 'ya'yan Ummi suka kewaye ni bayan magariba, suka ce in ba su labarin da bakina. Babu murhu a gidan, muka zauna a tabarma a tsakar gida. Na ce musu na ƙullo wata daga nesa, na koya musu amsar. Na ba su yadda na ji, ban ƙara ba, ban rage ba, har ɗigon ruwa ya faɗo a gefen kasko. Nan na tsaya.

Ƙaramar cikinsu ta ja mini hannun riga.

"Kaka, sai me ya faru?"

"Nan maganar Dada ta ƙare."

"To kai ka ƙarasa mana."

Na dubi fuskokinsu, kamar yadda take duban namu, ko zan ga ƙarshen da ya dace da su. Ban ga komai ba sai yara masu jira. Wannan gani nata ne, ba a ɗauke shi a kaset ba, ni kuma ban gaje shi ba.

"Ban sani ba," na ce. "Wadda ta sani ta tafi da shi."

Na ɗaga hannu zan tafa, in faɗi lafazin kwancewa don su tashi. Sai na tuna ba ni na ƙulla ba. Na sauke hannuna, muka zauna a haka har aka kira lisha.